Ciyawar Bangon Gabas

Ranar da na sauka a ƙasar Turawan nan, abu biyu gare ni: ƙaton akwati, da wani dunƙulen ƙasa kamar curin fura a cikin jakar hannuna. Kafin la'asar akwatin ya yi nasa wuri, ƙasar ce kawai ta rage mini.

Ga yadda aka yi. Daga filin jirgin sama dole sai na hau jirgin ƙasa zuwa garin da zan zauna, wani ƙaramin gari mai jami'a wanda har yau in na faɗi sunansa sai 'ya'yana sun yi dariya, don haka na daina faɗa. A tashar na tsaya gaban injin sayar da tikiti, na danna nan na danna can, ya ƙi ni na ƙi shi. Na ce innalillahi a fili. Sai na ji a bayana an ce, "Sannu Malam, daga Kano?"

Wallahi ji na yi kamar an miƙo mini ruwan randa a tsakiyar bazara. Wani dogon mutum ne cikin babbar rigar sanyi, Hausarsa irin ta mutanen kurmi, amma dai Hausa ce. Muka gaisa har da tambayar iyali. Ya ce injin nan ba ya sauraron baƙo, in je can taga in bi layi, shi zai tsare mini kaya. Na yi masa godiya har da addu'ar Allah ya bar zumunci. Da na dawo da tikitina, babu mutum babu akwati. Rigunan sanyin da na zaɓo a gwanjon Ƙofar Wambai, kilishi, yaji, kuka, daddawa, da garin kunun tsamiya da matata ta yi kwana biyu tana tankaɗewa, duk sun bi shi. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Ni da aka haifa a cikin birni, na yi wayo a lungunan Ƙofar Na'isa, wai ni aka yi wa wannan da gaisuwa kawai. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ba don kayan ba, don addu'ar da na yi masa.

A cikin jirgin na zuge jaka na laluba. Dunƙulen yana nan a naɗe cikin farin ƙyalle yadda Baba ya ba ni. Na ce to, alhamdu lillahi, ɓarawon bai san inda dukiyar take ba.

Dole in faɗi abin da ya haɗa ni da yawo da ƙasa a jaka. Ni ba dakta ba ne, ba kuma farfesa ba. Aikina kula da na'urori a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. A lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, farar hula sun hau, ƙasashen da suka juya mana baya sun fara sake buɗe ƙofa. A cikin haka sunana ya fito, in je wata shida in koyi aiki da wani sabon inji mai gane shekarun tsofaffin abubuwa.

Baba kuwa magini ne, ginin ƙasa, gadonsa ne kaka da kakanni. Soron gidanmu shi ne abin alfaharinsa: rufi na ɗaurin guga, azara baƙa wuluk don tsufa, sanyi a ciki ko da rana tana tsaga kai. Abin da muka tashi muna ji shi ne kakan kakan Baba ne ya gina shi tun kafin jihadi. Yaya Lawan, babban wanmu, ɗan kasuwa ne, kuma shi yake son a rushe a yi na bulo. Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. Shi ke neman magina kowace shekara, ga su sun yi ƙaranci, makubar yaɓe ta zama abin nema, kuma a daminar da ta wuce bangon maƙwabtanmu ya rufto da tsakar rana, Allah ne ya tsare ba kowa a gindinsa. Baba ba ya musu da shi. In an ta da maganar sai dai ya kalli rufin, wannan kallon kuma ya fi mini kuka ciwo.

Ni da shegen bakina na ce ai inda za ni akwai injin da zai faɗi shekarun soron nan. In takarda ta nuna tsufansa, masu kula da kayan tarihi za su shigo ciki, kowa ya huta. Yaya ya ce ya yarda. In na kawo takarda kafin ruwa ya sauka za a yi yaɓe kamar kullum, in ban kawo ba, ko ta nuna wani abu dabam, sai lebura su shigo da diga. Baba ya ce ya ji, alkawari ne.

Na gaya wa Baba abin da nake bukata shi ne guntun bango mai ciyawa a ciki, irin ciyawar da ake cuɗa ƙasar gini da ita. Ina can ina zaryar biza, shi ya ɓantaro da kansa. Ranar tafiya ya miƙo mini a naɗe, ni kuma ban tambaye shi daga ina ya ciro ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa a ranar na fafe nawa.

Bayan tashar nan, zangona na biyu shi ne ɗakin da jami'a ta ba ni, a hawa na huɗu, tagarsa tana kallon wani bango mai ruwan toka. Sanyin garin ban san yadda zan kwatanta shi ba. Namu na gida a fata yake tsayawa, wannan har cikin haƙori yake shiga. Makon farko da kaftani biyu da suwaita ɗaya nake fita, in isa wurin aiki ba na jin kunnuwana. Amma sanyin mutanen ya fi damuna. Akwai wani tsoho da muke haɗuwa a matakala. Ran nan na tsayar da shi na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi kwanansa, na tambayi iyali, na tambayi sanyi. Ya dube ni a tsorace ya ce ko wani abu ne ya faru. Daga ranar na koyi ɗaga kai kawai kamar ƙadangare.

Ba kiran salla, sai dai in duba takarda in ga lokaci ya yi. Ba ƙarar turmi, ba mai tallan ƙosai, ba rediyon Baba da ke tashi tun da asuba. Sai na tsinci kaina ina kewar abubuwan da a gida suke ba ni haushi, har awakin da ke kwana a ƙofar soro suna ɓata mana dakali. Abinci kuwa dankali ne da safe, dankali da rana, ba gishiri ba yaji. Allah ya haɗa ni da wani Baturke mai gidan burodi, wanda ya ga ina tsayawa a bakin tandunsa fiye da yadda sayen burodi yake bukata. Bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye mini kujera a wurin, kuma duk Juma'a sai ya zuba mini miyar wake mai zafi ya barbaɗa jan barkono. Ba ma jin yaren juna sosai, amma ya san bismillah na san bismillah.

Zango na uku, wanda don shi na zo, shi ne ɗakin injin. Na ɗauka zan ga wani dodo mai cika gida. Da aka buɗe ƙofa sai na ga duk abin bai fi faɗin soronmu ba: bututun ƙarfe masu ƙyalli sun lanƙwasa sun zagayo, ga manyan maganaɗisu biyu, ga wayoyi, ga kwamfuta a gefe. Na ce a raina, wannan ɗan abin ne zai ceci Baba?

Wadda aka damƙa ni a hannunta wata dattijuwa ce mai suna Hanna, gajera, furfura fat, tabarau a kan karan hanci. Ni Hannatu nake ce mata, ba ta taɓa hana ni ba. Ta yi shekaru tana aiki da tsohon injin, wanda ta ce gini guda aka yi masa kamar sito, mutane da yawa ke tashinsa. Wannan sabon kuwa mutum biyu sun ishe shi. Ranar farko ta dubi kaftanina ta tambayi ina rigar sanyina. Na ba ta labarin tasha. Washegari sai ga ta da wata doguwar riga baƙa mai nauyi, ta ce ta mijinta ce, ya rasu, rataye take ba ta da amfani. Hannun rigar ya wuce yatsuna, amma ranar na fara jin ni mutum ne a garin.

Ita ta fahimtar da ni aikin, kuma zan faɗa yadda daga baya na faɗa wa Baba. Duk abin da ke da rai, ko bishiya ko ciyawa ko mutum, yana ɗibar wani sinadari daga iska, kabon. A cikinsa akwai wani ɗan kaɗan mai nauyi fiye da sauran. Muddin abu yana raye yana ta ɗiba, ranar da ya mutu ɗiba ta tsaya, sai mai nauyin nan ya riƙa raguwa a hankali, a kan ƙa'idar da ba ta sauyawa. In ka ƙirga abin da ya rage, ka san tun yaushe abin ya mutu. Injin shiƙa yake yi, kamar mata a masussuka. Yana watsa ƙwayoyin da gudu ta tsakanin maganaɗisu, marasa nauyi su kauce, masu nauyi su faɗa inda ake ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A da sai an ƙone abin da ya cika tafin hannu kafin a samu amsa. Shi wannan, abin da bai fi ƙwayar gero ba ya ishe shi.

Sai dai wata uku ban taɓa injin ba. Wankin kwalabe nake, da awo, da rubuta lamba. Na je wurin Farfesa, shugaban wurin, na roƙe shi a gwada mini ƙasata. Ya ce layi ne, ƙasusuwa da iri da gawayi daga ƙasashe da yawa suna jira, babu gurbin abin ɗalibi. Ya faɗa da murmushi, amma ƙofa ce ya rufe. Na fito ina zaginsa a zuci da Hausa tsantsa.

Dunƙulen na ajiye shi a aljihun teburina. A gefe ɗaya yana da sawun yatsu uku, inda magini ya shafa yaɓe da hannu. In kewa ta ishe ni sai in ciro in ɗora yatsuna a sawun, in ce yau ga ni ga kakan kakan Baba. Wani lokaci in jiƙa yatsa in shafa a gefe in sansana, ƙamshin ruwan farko a bangon ƙasa ya taso mini, sai ga ni a Ƙofar Na'isa. Ana cikin haka ran nan da rana, kowa ya tafi cin abinci, Hanna ta shigo ta same ni da ƙasa a hanci, ido ya kawo ruwa. Kunya ta kama ni, ƙato da ni. Ta ja kujera ta zauna, na ba ta labarin soro tun daga farko.

Ta ce kowane ɗalibi kafin ya tafi sai ya haɗa samfuri ɗaya da hannunsa tun daga wanki har ƙirga, ita ce jarrabawarsa. Bisa al'ada wani guntun katako ake bayarwa wanda an riga an san shekarunsa. Za ta yi wa Farfesa magana a bar ni in yi da nawa. Amma gurbi ɗaya ne tak, in ya ɓaci ya ɓaci. Ban san me ta gaya masa ba, bayan kwana biyu dai ta ce ya yarda.

Da ta ga ciyawar ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce ta fi katako, don bishiya tana shekaru tana girma, ciyawa kuwa damina ɗaya ce rayuwarta. Sannan ta tambaye ni daga wane ɓangaren bango aka ciro, kuma zurfin nawa. Na ce mahaifina magini ne ɗan magini, ya fi kowa sanin inda zai ciro. Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta rubuta wani abu a littafinta.

Kwana huɗu na yi a kan ciyawar nan. Na tsinto ta da ɗan hantsaki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, silli-silli, launinta kamar zinariya. Na wanke ta a ruwan asid, na ɗauraye, na wanke a wani ruwan mai kama da na kanwa, na sake komawa asid. Na busar, na ƙone ta a rufaffiyar kwalba, hayaƙin kuma aka mai da shi baƙin gari irin na bakin fensir. Abin da ya fito bai kai kwallin ido ɗaya ba. Na danna shi a ɗan bututun ƙarfe, na yi bismillah, na sa shi a faifan da ke juyawa cikin injin, tsakanin ƙashin wata dabba da gawayin wani kogo.

Da hantsi aka zo kan nawa. Ina tsaye bayan Hanna ina kallon lambobi suna hawa. Na riga na san ƙa'ida, tsohon abu a hankali yake ƙirguwa, don mai nauyin ya ragu. Nawa kuwa gudu yake kamar an kwance ɗan maraƙi. Ya wuce na ƙashi, ya wuce na ma'aunin da ake gwada injin da shi, bai tsaya ba. Hanna ta cire tabarau ta goge.

Ta ce, "Habibu, shekarunka nawa?"

Na gaya mata. Ta ce to ciyawar nan sa'ata ce, in ma ta girme ni bai fi da shekara ɗaya ko biyu ba. Ta yi mini bayani cewa a shekarun da manyan ƙasashe suka yi ta gwajin bama-baman nukiliya a sararin sama, sinadarin nan mai nauyi ya kusa ninkawa a iskar duniya, har ya kai ƙololuwa 'yan shekaru kaɗan bayan mun samu 'yancin kai, sannan ya fara sauka. Duk ciyawar da ta tsiro a lokacin ta sha shi ta ƙoshi. Tawa a daidai ƙololuwar take, babu wani zamani kafin nan da zai ba da irin wannan lamba.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Na ce injin ne ya yi ƙarya. Na ce ƙaramin inji ƙaramin hankali, da tsohon ne da bai yi wannan shirme ba. Har na ce don ƙasar daga Afirka take shi ya sa ba a yarda tana da tarihi ba. Duk wannan ina sanye da rigar mijinta. Ta bar ni na gama, sannan ta nuna mini sakamakon ma'aunai, kowanne ya faɗa inda ya kamata. Ta ce wankina ma ya yi kyau, na ci jarrabawa.

"Injin bai san gidanku ba," in ji ta. "Shekarar da aka yanke ciyawar kawai ya sani. Sauran sai ka tambayi wanda ya ba ka."

Na ba ta haƙuri washegari, ta ce ta ga waɗanda suka fi ni hauka a kan ƙashin kakanninsu.

Makonnin ƙarshe su suka fi mini wuya, sun fi sanyi sun fi yunwa. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Kano ba, Yaya Lawan ya sayi tasa, kuma duk Lahadi nake kira. Ya tambaye ni labari, na ce har yanzu muna layi. Ya miƙa wa Baba, shi kuma yana ɗaga murya kamar daga kan ganuwa yake kirana, ya ce in gaishe da injin. Ga takardar jami'a mai tambari a gabana, ga kwamfuta. Baba ba ya karatun boko, Yaya kuma ba zai bambance wannan lamba da waccan ba. In na sauya layi ɗaya soro ya tsira. Wallahi na buɗe takardar a kwamfuta har sau biyu. Abin da ya hana ni ba wani tsoron Allah mai yawa ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Sa hannun Hanna ne a ƙasan takardar, ban iya ɗora ƙarya a kansa ba.

Ranar da zan taho na kai mata rigar, ta ce in tafi da ita. Na ce a Kano sai dai ta kashe ni. Muka yi dariya, ta karɓa ta rataye a inda take rataye tata. Baturke ya cika mini leda da burodi kamar wanda zai tafi a ƙafa.

Na sauka a Kano ana tsakiyar bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Washegari da hantsi muka zauna a soro, ni da Baba da Yaya Lawan. Na yi ta kewaye-kewaye, labarin sanyi, labarin ɓarawon tasha, har Yaya ya ce in bar jan rai in karanta takarda. Na karanta, na fassara. Na ce ciyawar ba ta kafin jihadi ba ce, ba ta ma kai zuwan Turawa ba. Sa'ata ce.

Na kasa kallon Baba. Sai na ji ya ce in maimaita shekarun. Na maimaita. Ya yi lissafi yana motsa baki, sannan ya tambaya ko ni na gaya wa injin, ko wani ne ya tsegunta masa. Na ce ba wanda ya gaya masa komai.

Ya ce, "Allahu akbar. Shekarar da bangon gabas ya faɗi ke nan."

Na ce wane bangon gabas? Ya nuna bangon da nake jingine da shi. Na juya, ga gurbin da ya ɓantaro nan a saman kaina, an lafe shi da sabuwar ƙasa. Raina ya tashi, na ce Baba, ka san kai ka gina wannan, me ya sa ka ciro daga nan?

"To daga ina zan ciro? Sauran ukun duk sun gaji, gara ta ci, ka taɓa su marmashe. Ƙasar da za ta je gaban Turawa, in ba ka ruɓaɓɓiya a yi mana dariya? Mai kyan na zaɓo maka."

Haka ne kuwa. Baba bai taɓa ba baƙo ƙanzo ba, ko da shi zai kwana da yunwa. Ni da na san injin ban yi masa bayani ba, shi da ya san bangon bai ga abin tambaya ba. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Daga nan ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. A ƙarshen daminar shekarar, ruwa ya yi kwana uku yana zuba, bangon gabas ya zame, ɗaurin guga ya rage a kan ƙafa uku. In ba a tashe shi da wuri ba rufin gaba ɗaya zai biyo. Yana da tubali a ajiye a ƙarƙashin rumfa, amma busasshiyar ciyawa babu ita ko ta magani a wannan lokaci, duk ɗanya ce shar. Inna, mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, tana da tsohon cikina. Tun da rani ta sayi ciyawa mai laushi ta cusa sabuwar katifa, ta ajiye don jego. Ba tare da ta yi shawara da kowa ba ta sa wuƙa ta farke katifar, ta zazzage ciyawar a kan ƙasar da ake cuɗawa. Baba ya yi mata faɗa, ta ce jariri ba ya sanin katifa, amma zai san in ba shi da soro. A kan tabarma aka haife ni, a kan tabarma ta yi arba'in.

Sawun yatsun da na yi wata shida ina ɗora nawa a kai, ina gaisawa da kakan kakan Baba, ashe na Baba ne da kansa, yana saurayin magidanci.

Yaya Lawan, wanda a lokacin yana da shekara shida ko bakwai, ya ce shi ya tuna tabarmar. Ya ce ya tuna yana tambayar Inna ina katifa, ta ce masa bango ya cinye. Daga haka ya sa takalmi ya fita kasuwa.

Takarda ba ta ceci soro ba. Na so in roƙi Yaya a ƙara shekara ɗaya in aika da wani guntun, Baba ya hana. Ya ce alkawari alkawari ne, kuma shi abin da injin ya faɗa ya ishe shi. Shi da kansa ya tsaya a kan leburori, yana nuna musu yadda za su zare azara ba tare da sun karya ba. Na ga ɗaurin guga ya sauko. Na ga bangon arewa da na kudu da na yamma, waɗanda wataƙila su ne na kafin jihadin, an loda su a tifa an tafi cike kududdufi. Baba bai yi kuka ba, ni na yi.

Da diga ta zo kan bangon gabas, Yaya Lawan ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Mai zanen ginin ya ce in aka bar shi ɗakin zai tsuke, kuma bulo da ƙasa ba sa zama tare. Yaya ya ce to su koya. Bai yi wa kowa bayani ba, ba wanda kuma ya nema.

Baba ya rasu bayan shekara biyu. Ni da Hanna mun yi ta musayar wasiƙa har ta yi ritaya, daga baya wasiƙuna suka daina samun amsa. Na ji an ce injinan yanzu sun ƙara ƙanƙancewa, ban sake ganin ko ɗaya ba. Wanda duk ya bi ta lungunmu zai ga gidan bulo mai fenti, amma gefe guda jar ƙasa ce, bangon da ya fi kowanne ƙuruciya, wanda babu mai kula da kayan tarihin da zai waiwaye shi.

Duk shekara in hadari ya fara leƙowa, Yaya Lawan yakan kira ni. Ga tsufa ga tumbi, amma ba ya yarda a ɗauko magini. Shi ke naɗe hannun riga ya hau tsani ya yi yaɓen, ni ina ƙasa ina cuɗa masa da ƙafa. Bai iya ba, nima ban iya ba, da Baba zai gani da mun sha faɗa. Bana ma da na miƙa masa curin farko, ya murza a hannu, ya dawo mini da shi ya ce in ƙara ciyawa.